Sama da Ɗari: Diyya da Tunawa da Waɗanda Bam ya Rutsa da Su

Gabatarwa

Duk jarida ko littafin da na buɗe ina neman labarin abin da ya auku a Babban Masallacin Juma'a na Kano ranar 28 ga Nuwamba, 2014, magana ɗaya nake tararwa, wato sama da mutum ɗari ne suka rasu. Wasu su ce 120, wasu su haura haka. To, a cikin wannan "sama da" kawuna yake. Ƙanin mahaifiyata ne, ɗan kasuwa mai ƙaramin jari daga Tsafe, wanda yakan je Kantin Kwari sau ɗaya a wata ya saro yadi da atamfa. Ya bar gida ranar Alhamis, ya gama sari da hantsin Juma'a, ya bar ƙunshin kayansa a shagon wanda ya saba saye a wurinsa, ya ce bari ya je ya samu jam'i a masallacin ƙofar gidan Sarki. Ina da shekara goma sha huɗu a lokacin.

Na girma, na karanta Tarihi a jami'a, amma tambayar da na fara yi wa kaina ina yaro ba ta sake ni ba: idan bam ya kashe mutum, wanda ya tayar da shi kuma ya mutu tare da shi, a wuyan wa jinin yake? Wa zai ɗauki nauyin marayu, wa kuma zai riƙe sunan mamacin kada ya ɓace? Wannan maƙala ƙoƙari ne na bin sawun amsoshin da al'ummarmu ta bayar a zamuna daban-daban, tun daga zauren malam har zuwa zauren majalisa, tare da duba yadda wasu ƙasashe suka yi da nasu matattun.

Juma'ar da ba a idar da ita ba

Da misalin ƙarfe biyu na rana, liman ya tayar da salla ke nan, sai bama-bamai suka tashi a ciki da harabar masallacin. Da jama'a suka ɗiba a guje, sai 'yan bindiga suka buɗe musu wuta a ƙofofi. Sarkin Kano na lokacin, Muhammadu Sanusi II, wanda ya saba salla a wannan masallaci, yana ƙasar Saudiyya ranar. Makonni kaɗan kafin nan ya yi kira ga jama'a su tashi su kare kansu daga Boko Haram, kuma ita aka ɗora wa alhakin harin. Wannan bala'i bai zo wa Kano a matsayin baƙo ba. Ranar 20 ga Janairu, 2012, jerin hare-hare sun ci rayuka aƙalla 185 a birnin, sannan ranar 18 ga Maris, 2013, bam ya tashi a tashar motocin New Road da ke Sabon Gari.

Mu a Gusau a rediyo muka ji. Mahaifiyata ta yi ta kiran wayar Kawu tana shiga ba a ɗauka, daga baya ta daina shiga. Da asubar Asabar mahaifina da yayan Kawu suka kama hanyar Funtuwa. Sun yini suna zagaya asibitocin Kano, suna ɗaga mayafi suna mayarwa, har suka gane shi da zoben azurfar da ke hannunsa. A ranar aka yi masa sutura a can, kamar yadda addini ya koyar da gaggauta binne mamaci. Babu wanda ya tuna da wata takarda a irin wannan hali. Wanda ke neman gawar ɗan'uwansa ba ya tambayar inda ake buga hatimi.

Kawu ya bar mata ɗaya da 'ya'ya biyar, babbar tana da shekara goma sha ɗaya, ƙaramin yana goye. Bayan mako biyu sai ga ƙunshin atamfofin nan an aiko da shi ta hannun wani direba. Mai shagon ya haɗa da saƙon cewa ya yafe ragowar kuɗin da yake bin marigayi. Iyakar diyyar da ta taɓa shiga gidan Kawu ke nan, kuma daga hannun wanda bai kashe shi ba ta fito.

Jini a ma'aunin magabata

Kalmar diyya ta daɗe a bakin Bahaushe, domin tare da littattafan fiƙihun Malikiyya ta shigo. Duk ɗalibin da ya sauke Risala ta Ibn Abi Zaid a zaure ya san ƙimarta: raƙuma 100 ga masu raƙuma, dinari 1,000 ga masu zinari, ko dirhami 12,000 ga masu azurfa. Idan aka auna dinari ɗaya a kan giram 4.25, diyyar rai guda ta kai zinari kilo huɗu da kwata. Wanda ya yi kisa da gangan, haƙƙin magada ne su nemi ƙisasi ko su yafe. Wanda ya yi kisan kuskure kuwa, danginsa na wajen uba, waɗanda ake kira aƙila, su ke haɗa diyyar su biya cikin shekara uku. Hikimar a fili take: an ɗauki rai a matsayin abu mai nauyin da mutum ɗaya ba zai iya ɗauka ba, sai an taru.

Akwai kuma tanadi domin jinin da ba a san wanda ya zubar da shi ba. Muwaɗɗa ta Imam Malik da Bukhari da Muslim duk sun kawo labarin Abdullahi bin Sahal, wanda aka tsinci gawarsa a Khaibara. Danginsa ba su ga wanda ya kashe shi ba, saboda haka suka ƙi yin rantsuwa a kan abin da ba su shaida ba. Manzon Allah (SAW) bai bar jinin ya tafi a banza ba, sai ya biya su raƙuma ɗari daga wajensa. Malamai sun yi saɓani a kan rassan wannan mas'ala, amma tushen ya tabbata: akwai lokacin da shugaba ke tsayawa a gurbin wanda ba a gano ba, domin kada iyalan mamaci su tashi hannu rabbana.

Shugabannin jihadin ƙarni na 19 sun ɗauki dukiyar mamaci da haƙƙin raunana da muhimmanci. A cikin Kitabul Farƙ, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki sarakunan zamaninsa a kan cin tara ba bisa ƙa'ida ba da kuma kwashe dukiyar wanda ya mutu a ƙasarsu. Ƙaninsa Abdullahi ya rubuta Liya'ul Hukkami a Kano domin ya nuna wa mahukunta iyakokinsu. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a Maris na 1903, sun bar kotunan alƙalai suna aiki a ƙarƙashin sa idonsu, har zuwa 1960 lokacin da dokar Final Kod ta fara aiki a Jihar Arewa. Daga nan hukuncin kisa ya koma sha'ani tsakanin hukuma da mai laifi, diyya kuma ta ja baya zuwa zauren sulhu.

A garinmu Gusau aka sake ɗaga maganar. Ranar 27 ga Oktoba, 1999, Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci, ta kuma fara aiki a Janairun 2000, ƙisasi da diyya suka dawo cikin kundin dokokin jiha. Har yau hukumomin zakka a jihohin Arewa kan fitar da sanarwar nisabi da mafi ƙarancin sadaki da kuɗin diyya gwargwadon farashin zinari. Sai dai duk waɗannan dokoki, na Turawa da na bayansu, sun ginu ne a kan zaton akwai mai laifi a tsaye gaban alƙali. Ɗan ƙunar baƙin wake kuwa ba ya zuwa kotu, ba ya barin dukiya, sau da yawa ma ba a san sunansa ba balle danginsa. A nan ne giɓin yake, kuma darasin Khaibara, wanda shi ne ya dace da wannan hali, shi muka fi mantawa da shi.

Asusu da alkawari

Ba za a ce hukuma ba ta taɓa motsawa ba. A Yulin 2014, wata huɗu kafin harin masallacin Kano, Shugaba Goodluck Jonathan ya kafa Asusun Tallafa wa Waɗanda Ta'addanci ya Shafa, a ƙarƙashin jagorancin Janar T. Y. Danjuma. A liyafar neman gudummawa da aka yi a Abuja a ƙarshen watan, an yi alkawarin sama da naira biliyan 58. Shi kansa Danjuma daga baya ya fito ya koka cewa da yawa daga masu alkawarin ba su cika ba. Da abin da ya samu, asusun ya tallafa wa asibitoci, ya gyara makarantu da gine-ginen hukuma a Arewa maso Gabas, ya ba mata jari, ya kuma taimaki marayu. Aiki ne na alheri, ba mai musun haka. Amma tallafi daban, haƙƙi daban. Tallafi ana ba wanda hannu ya kai gare shi, haƙƙi kuwa mai shi ke zuwa ya nema, idan an hana shi ya kai ƙara.

Tsarin mulkin 1999 ya bayyana a sashe na 14 cewa tsaro da jin daɗin jama'a su ne babbar manufar gwamnati. Sai dai wannan sashe yana cikin babi na biyu, wanda sashe na 6 ya hana kotuna tilasta aiki da shi. Ma'ana, an rubuta alkawarin, an kuma rufe ƙofar da za a bi a nemi cika shi. Dokar hana ta'addanci ta 2011, wadda aka yi wa gyara a 2013, ta fi mayar da hankali ga kama mai laifi da hukunta shi. Sai a sabuwar dokar da Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a Mayun 2022 aka yi tanadin asusun amana na musamman domin waɗanda ta'addanci ya shafa. Wannan ci gaba ne a takarda. Abin da zai tabbatar da shi shi ne ranar da bazawara a Tsafe za ta san da zamansa, ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa, a kuma buɗe mata.

Tsakanin ofis biyu

Bayan matar Kawu, wadda muke kira Inna, ta fita takaba, sai aka raba yaran. Ta koma gidan mahaifinta a Bungudu da ƙananan biyu, ɗaya ya zauna wurin Kaka a Tsafe, biyu suka dawo gidanmu a Gusau. Gida ɗaya ya zama uku. Yaran da suka saba cin tuwo a kwano ɗaya sai da salla suke haɗuwa.

Wata rana mahaifina ya ji a rediyo cewa ana rubuta sunayen iyalan waɗanda abin ya shafa. Ya shirya ya tafi Kano. A ofishin da aka nuna masa, aka ce ya kawo takardar shaidar mutuwa daga asibiti da wasiƙar mai unguwar da marigayin yake zaune. Ya ce marigayin baƙo ne, kwana ɗaya ya yi a garin. Aka ce to ya koma jiharsu. Da ya dawo Gusau ya shiga wani ofishin, sai aka karɓe shi da mutunci, aka yi masa ta'aziyya, sannan aka ce ai abin a wata jiha ya faru. Ya sake komawa Kano karo na biyu, ya tarar an ce an rufe rajista. Da ya lissafa kuɗin motar da ya kashe, ya ga sun isa kuɗin makarantar yaro ɗaya na zango guda, sai ya haƙura.

Ban ɗauki waɗannan ma'aikata a matsayin azzalumai ba. Kowannensu ƙa'idar da aka ba shi ya bi. Laifin yana ga ƙa'idar da aka tsara ba tare da an tuna da fatake ba, alhali Kano gari ne da baƙi suka gina kasuwarsa tun zamanin ayari. Wanda ya san sahun Juma'a a wannan masallaci ya san akwai Bazamfare da Bakatsine da Badamagare a cikinsa. Bam bai tambayi kowa takardar asalin jiha ba, sai da aka zo rabon tallafi aka tambaya.

Kaka kuwa tun farko ba ta so tafiyar ba. Ta ce wa mahaifina, "Malam, ka bar wahal da kanka. Ni ba ni cin kuɗin jinin ɗana. Wanda ya ba ni shi ya karɓi abinsa, kuma a masallaci ya karɓe shi." Babu wanda ya iya ba ta amsa. Na daɗe ina juya wannan magana kafin na fahimci cewa haƙurin Kaka nata ne, kuma Allah zai ba ta ladansa, amma diyya gado ce, marayu suna da kaso a ciki, kuma babu mai ikon yafe haƙƙin maraya a madadinsa. Tawakkalin talaka ado ne a gare shi. Idan hukuma ta fake da shi ta sauke nauyin da ke kanta, ya zama wani abu dabam.

Yadda wasu suka yi da nasu

Misalin da ya fi kusa da mu yana cikin hamadar Nijar. Ranar 19 ga Satumba, 1989, bam ya tarwatsa jirgin saman kamfanin UTA a sararin Tenere, bayan ya tashi daga Njamena zuwa Faris. Duk mutum 170 da ke ciki suka rasu. Iyalansu suka kafa ƙungiya, suka yi ta bin maganar. A 1999 wata kotu a Faris ta samu 'yan Libiya shida da laifi a bayan idonsu, a Janairun 2004 kuma ɓangaren Libiya ya amince da biyan dala miliyan 170, wato miliyan ɗaya ga kowane rai. Ba su tsaya nan ba. A 2007 suka koma hamadar tare da ma'aikata 'yan ƙasar, suka jera baƙaƙen duwatsu a siffar jirgin, suka kewaye shi da fasassun madubai 170, suka kafa fiffiken jirgin ɗauke da sunayen mamatan. Wuri ne da ba kowa ke zuwa ba, amma ana hango shi a hoton tauraron ɗan'adam.

A harin Lokabi na Disambar 1988, inda mutum 270 suka rasu, Libiya ta amince a 2003 da biyan dala biliyan 2.7. A Amurka, asusun da aka kafa bayan harin 11 ga Satumba, 2001, ya raba sama da dala biliyan 7 a zagayensa na farko, an kuma zana sunan kowane mamaci a tagulla a inda benayen suka tsaya. Faransa tun 1986 ta kafa asusu na dindindin, wanda ake ciyar da shi da ɗan ƙaramin kaso daga takardun inshorar dukiya, don haka ba ya jiran liyafa ko alkawarin attajirai.

Akwai kuma misali mai ɗaci. Harin ofishin jakadancin Amurka a Nairobi ranar 7 ga Agusta, 1998, ya kashe mutum 213, goma sha biyu ne kawai Amurkawa a cikinsu. Da Sudan ta biya dala miliyan 335 bayan sama da shekara ashirin, Amurkawa da ma'aikatan ofishin ne suka amfana, talakawan Kenya da ke wucewa a titi ko aiki a benen maƙwabta suka ci gaba da jira. Duk da haka, sunayensu na nan a bangon dandalin tunawa da aka gina a wurin. Abin da na tsinta daga waɗannan misalai abu biyu ne. Na farko, ba a taɓa biyan waɗanda ba su haɗa kai ba. Na biyu, kafin kuɗi sai da aka fara da jerin sunaye, domin ba a bin bashi da sunan "sama da ɗari".

Wutar ta iso gida

A 2014 muna ganin bam abin Kano ne da Maiduguri, ko da yake jini ya riga ya fara zuba a dazukanmu. A Yunin 2013 an kashe mutum 48 a Kizara ta ƙaramar hukumar Tsafe. A Afrilun 2014 an yi kisan 'Yar Galadima a ƙasar Maru, inda sama da mutum ɗari suka halaka. Kwamitin da Gwamna Bello Matawalle ya kafa a 2019, ƙarƙashin tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda M. D. Abubakar, ya ba da rahoton cewa tsakanin 2011 da 2019 mata 4,983 sun rasa mazajensu, yara 25,050 sun zama marayu, sama da mutum 190,000 kuma sun bar gidajensu. A Nuwambar 2021 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta ayyana ƙungiyoyin 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda, aka kuma buga hukuncin a jaridar gwamnati a Janairun 2022. Wannan na nufin a idon doka, maraya a Kizara da maraya a Bama matsayinsu ɗaya.

Sannan bam ɗin kansa ya iso. A Disambar 2024 abubuwan fashewa da aka binne a hanyar Ɗansadau suka tashi da matafiya. Wani kuma daga sama yake faɗowa: a Mutunji ta ƙasar Maru a Disambar 2022, da Tungar Kara a Janairun 2025, hare-haren jiragen yaƙi da aka auna 'yan bindiga da su sun rutsa da mutanen gari. A Tudun Biri ta Jihar Kaduna, ranar 3 ga Disamba, 2023, jirgi maras matuƙi ya kashe aƙalla mutum 85 a taron Mauludi, rundunar soja kuma ta amsa cewa kuskure ne. Irin wannan shi ne ainihin abin da fiƙihu ya kira kisan kuskure, hukuncinsa kuma sananne ne ga ɗalibin zaure.

Game da karramawa kuwa, mutanen Tsafe ba za su manta da Yulin 2022 ba, lokacin da masarautar 'Yandoton Daji ta naɗa Ado Aleru, wanda 'yan sandan Katsina suka ayyana suna nema ruwa a jallo, sarautar Sarkin Fulani. Waɗanda suka yi naɗin sun ce neman zaman lafiya ne ya sa, domin manoma su samu shiga gonakinsu, gwamnatin jiha kuma ta dakatar da sarkin. Ba hurumina ba ne in yanke hukunci a kan mutanen da ke kwana da fargaba. Amma tarihi zai rubuta cewa a ƙasar 'Yandoto, tsohon garin malamai, an san sunan mai bindiga har an ɗaura masa rawani, waɗanda bindiga ta kashe kuwa adadi kawai aka sani.

Abin da ya rage a yi

Mataki na farko ba ya buƙatar biliyoyi. Rajista ce ta sunaye: wane ne, ɗan wane, daga wane gari, a ina ya rasu, yaushe, su wa ya bari. Muna da tsarin da zai iya wannan aiki tun daga mai unguwa da dagaci da hakimi har zuwa sarki, ga limamai da suka sallaci gawarwakin. Tsarin da ya iya ƙirga kan kowane magidanci domin haraji da kowace saniya domin jangali a zamanin En'e ba zai gaza ƙirga matattu ba.

Na biyu, a sauƙaƙa hujja. Shari'ar da muke alfahari da ita tana tabbatar da manyan haƙƙoƙi da shaidar adilai biyu. Bai dace a ce sai da takardar asibiti za a yarda mutum ya mutu a ƙauyen da babu asibiti ba. Haƙƙin kuma ya bi mamaci duk inda iyalansa suke, ba tare da la'akari da iyakar jiha ba.

Na uku, asusun ya samu mashiga ta dindindin, a kuma riƙa bayyana abin da ya shiga da wanda aka ba. Ko ba a kai ga cikakkiyar diyya ba, a fara da abin da ya fi gaggawa: karatun marayu, da maganin waɗanda suka tsira da ƙuna ko suka rasa gaɓa ko ji, domin su jinyarsu ba ta ƙarewa ranar da 'yan jarida suka tafi. Jihar da ake haƙo zinari a cikinta bai kamata ta rasa abin auna jinin 'ya'yanta ba.

Na huɗu, tunawa. Mu ba masu kafa gumaka ba ne, ba ma kuma gina kaburbura, amma muna da sadaka mai gudana. Ana iya haƙa rijiya, a gina aji ko ɗakin shan magani da sunan waɗanda suka rasu a wuri kaza, a ajiye kundin sunayensu a ɗakin karatu da fadar sarki. Majalisar Ɗinkin Duniya tun 2017 ta keɓe ranar 21 ga Agusta domin tunawa da waɗanda ta'addanci ya shafa. Ba abin da zai hana a karanta sunaye a yi addu'a a masallatai da majami'u a wannan mako.

Kammalawa

A shekarata ta ƙarshe a jami'a na shafe makonni ina bin tsofaffin jaridun ƙarshen 2014. Na ga hotunan takalma zube a harabar masallaci, na ga jawaban ta'aziyya da na Allah wadai, amma ban ci karo da sunan Kawu ba ko sau ɗaya. A hutun da ya biyo baya na je Bungudu gaishe da Inna. Autan nan da aka bari a goye, wanda yanzu ya isa shiga sakandare, ya zauna kusa da ni ya ce, "Yaya, an ce kai tarihi ka karanta. A cikin littafinku akwai Babanmu?" Na ce masa babu tukuna.

Da na dawo Gusau na sayi littafin rubutu mai bango mai kauri. A shafin farko na rubuta sunan Kawu da na mahaifinsa, da garinsu, da sana'arsa, da ranar da ya rasu, da sunayen 'ya'yansa biyar. Na gaya wa Kaka abin da na yi, ina tsoron kada ta hana. Ta yi shiru, sannan ta ce in ƙara da cewa shi ne yake saya mata goro duk ranar da ya dawo daga Kano. Na ƙara. Daga nan ta aika aka kira maƙwabciyarta, wadda aka kashe mata miji a gona shekara uku da suka wuce, ta ce ita ma a rubuta nata. Yanzu littafin ya wuce rabi, kuma ban fita daga unguwanni uku ba.